Ido Ba Mudu Ba Ne: Tsegumin Ɓoye da Tallafin Masu Naƙasa a Birtaniya

A Birtaniya akwai wani layin waya da gwamnati ta buɗe a shekarar 1996, zamanin Firaminista John Major, lokacin da Peter Lilley ke riƙe da ma'aikatar kula da walwalar jama'a. Aikin layin guda ɗaya ne: duk wanda yake zargin wani da karɓar tallafin gwamnati ba bisa cancanta ba, ya buga ya faɗa. Daga baya aka ƙara fom a intanet, ga kuma adireshin aika wasiƙa ga mai son rubutawa. Ana tambayar mai kira sunan wanda yake zargi, da inda yake zaune, da irin tallafin da yake jin yana karɓa, da abin da ya gani. Ba a tilasta masa faɗin nasa sunan, ba a kuma neman ya rantse. Idan maganar ta zama ƙarya babu abin da zai same shi, domin ba a san shi ba balle a tuhume shi.

A ɗaya gefen kuwa akwai mutum mai suna da adireshi da fayil a ofis. Kiran minti biyar na iya jawo masa wasiƙar gayyata, da tambayoyi, da sake duba cancantarsa tun daga tushe, wani lokaci har da dakatar da kuɗin da yake rayuwa da su. Wannan rashin daidaito yana nan a kowane irin tallafi, amma ya fi muni a tallafin masu naƙasa, saboda abin da maƙwabci yake iya gani da ido da abin da doka take aunawa sun sha bamban ƙwarai. Tsegumin da ya tsaya a kan yadda aka ga jikin mutum yana motsi shi ne mafi raunin shaidar da za a iya kawo wa hukuma, bai kuwa kamata shi kaɗai ya isa a taɓa abincin mutum ba.

Abin da doka take aunawa

Tallafin da ya fi shiga wannan magana shi ne wanda ake kira PIP a taƙaice, wato kuɗin da ake bai wa mai naƙasa ko mai doguwar jinya don rage masa ɗawainiyar da larurarsa ta ɗora masa. An fara shi a watan Afrilun 2013, ya maye gurbin wani tsohon tallafi mai suna DLA da aka riƙa biya tun 1992. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wadda aka fi sani da DWP, ita ke biyan sa. Mutum fiye da miliyan uku da rabi ke karɓar sa a Ingila da Wales, kuma a 2025 abin da ake biya ya kama daga fam 29.20 zuwa fam 187.45 a mako, gwargwadon tsananin larura.

Akwai abubuwa huɗu game da wannan tallafi da mafi yawan masu kai tsegumi ba su sani ba. Na farko, ba ruwansa da talauci ko rashin aiki. Malamin makaranta da akawu da lauya duk suna iya karɓar sa alhali suna kan aikinsu, domin an yi shi ne don kuɗin da naƙasa ke ci: tasi a maimakon bas, mai taimakawa wajen wanka, na'urar da ake buƙata a gida. Don haka wanda ya buga waya ya ce kullum yana ganin maƙwabciyarsa tana fita aiki da safe, bai faɗi wani laifi ba.

Na biyu, ba a biyan sa don sunan cuta. Ana ba da maki ne a kan ayyuka goma sha biyu. Goma sun shafi rayuwar yau da kullum: girki, cin abinci, shan magani da kula da jinya, wanka, zagayawa, sa tufafi, magana, karatu, mu'amala da mutane, da sarrafa kuɗi. Biyu sun shafi zirga-zirga: iya tsara tafiya da bin hanya, da iya takawa. Maki takwas ke kai mutum ga ƙaramin mataki, goma sha biyu ga babba. A ɓangaren takawa, babban mataki na wanda ba ya iya wuce mita 20 ne.

Na uku shi ne ginshiƙin al'amarin. Doka ba ta ɗaukar cewa mutum yana iya wani aiki sai in yana iya yin sa ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya maimaita shi gwargwadon buƙata, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na abin da mai lafiya zai ɗauka ba. Sannan ana duba halin da mutum yake ciki a fiye da rabin kwanakin shekara. Wanda ya taka mita ɗari yau, ya kwanta gobe da jibi saboda abin da takawar ta jawo masa, a idon doka ba lallai ba ne a ce yana iya taka mita ɗari.

Na huɗu, kusan huɗu cikin goma na masu karɓar tallafin, babbar larurarsu ta ƙwaƙwalwa ce ko ta tunani. Babu sanda, babu keken guragu, babu wata alama da mai leƙe ta taga zai gani.

Abin da maƙwabci yake gani

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Karin maganar ta dace da hatsi a kasuwa, inda abin da ake kimantawa yake a baje gaban mai kallo. Jikin mai jinya ba a baje yake ba. Maƙwabci yana ganin mutum ne a lokacin da ya fito, mai jinya kuwa ba ya fitowa sai ranar da ya samu sauƙi. Ranakun da ya kasa tashi daga gado ba su da mai kallo. Saboda haka duk abin da ido ya tattara daga waje ya karkata gefe ɗaya tun kafin a fara lissafi, ko da mai kallon mutumin kirki ne marar ƙiyayya.

Duk gidan da aka taɓa renon mai ciwon sikila ya san wannan. Matashi ya yi kwalliya ya halarci ɗaurin aure ranar Asabar, ana dariya da shi, ranar Talata yana asibiti ana ɗura masa maganin kashe raɗaɗi. Wanda ya gan shi ranar Asabar bai yi ƙarya ba in ya ce ya gan shi garau. Ya dai ga kwana ɗaya cikin bakwai. Haka mai farfaɗiya yake, da mai ciwon gaɓɓai da ke tashi da sanyi, da mai ciwon jijiyoyin laka da ke zuwa yana lafawa, da mai ciwon damuwa wanda kan shafe mako bai buɗe ƙofa ba sannan a gan shi a kanti. Hatta masu amfani da keken guragu, da yawansu suna iya miƙewa su yi 'yan taku. Mai kallo ya ga mutum ya tashi daga keke ya ɗauko kaya a kan kanta, sai ya ɗauka ya kama maƙaryaci, alhali mai keken ya rubuta wannan a fom ɗinsa tun ranar farko.

Ita kanta ma'aikatar ta yarda cewa iyakar tana da wuyar ganewa. A ƙididdigarta ta shekara-shekara, tana ware mutanen da jikinsu ya yi sauƙi sannu a hankali har suka fita daga matakin da ake biyan su, ba ta lissafa su cikin masu zamba, saboda ba za a sa ran mutum ya san ranar da ya tsallake layin ba. Idan mai jikin da kansa bai iya tantance wannan rana ba, da wuya a ce wanda ke hango shi daga tsallaken titi ya iya.

Abin da alƙaluma suka nuna

A watan Fabrairun 2016 jaridar Observer ta wallafa alƙaluman da ta samo daga ma'aikatar ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai. Tsakanin 2010 da 2015 an rufe fayil fiye da miliyan ɗaya na zarge-zargen da jama'a suka kawo. A fiye da kashi 85 cikin ɗari, ko dai ba a samu shaidar zamba ba sam, ko kuma shaidar ba ta isa a ci gaba ba. Adalci ne a faɗi iyakar wannan adadi: ya haɗa kowane irin tallafi, kuma rashin isasshiyar shaida ba ya nufin kowane mai kira mugu ne. Duk da haka, hanyar da a cikin kira bakwai kusan shida ba sa haifar da komai tana bukatar mataci mai ƙarfi kafin abin da ta kwaso ya isa ga rayuwar mutane.

Sai kuma girman matsalar da ake farauta. Ma'aikatar ta ƙiyasta cewa a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 an biya fam biliyan 9.7 fiye da ƙa'ida a duka tallafofinta, wato kashi 3.7 cikin ɗari. Kuɗi ne masu yawa, kuma gwamnati na da haƙƙin bin sawunsu. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku na wannan asara daga tallafin Universal Credit take, wanda ya dogara da albashi da ajiyar banki da wanda mutum yake zaune da shi. A PIP kuwa, ƙiyasin zamba a wannan shekarar ya yi ƙanƙantar da aka rubuta shi kashi 0.0 cikin ɗari, a shekarun da ke gefenta ma bai kai kashi ɗaya ba. Ƙididdigar ta nuna wani abu kuma: kuɗin da masu PIP suka cancanta amma ba su karɓa ba, saboda jikinsu ya ƙara tsanani ba su sanar ba, sun ninka waɗanda aka biya fiye da ƙa'ida sau da yawa. Kuskuren da ya fi yawa a wannan tallafi shi ne na mutanen da suka yi shiru da ciwonsu.

Jama'a ba haka suke gani ba. A 2013 kamfanin Ipsos MORI ya tambayi 'yan Birtaniya nawa suke jin ana sacewa a cikin kowane fam 100 na tallafi. Matsakaicin amsarsu fam 24 ne, alhali adadin hukuma a lokacin bai kai fam ɗaya ba, kwabo 70 ne na kuɗinsu. Mutanen da suka yarda cewa kusan rubu'in kuɗin sata ne, su ne aka miƙa wa lambar waya aka ce su sa ido. Shekaru na tallace-tallacen gwamnati a allunan titi da talabijin, da kanun jaridu masu nuna hoton wanda aka kama yana rawa ko gudu, sun koya wa ido abin da zai nema. Mai neman abu kuwa yakan gan shi ko da babu.

Tsadar bincike ga wanda aka zarga

Ba kowane tsegumi ne ke kaiwa ga mataki ba. Jami'ai suna tacewa, da yawa suna mutuwa a kan tebur. Wanda ya tsallake yana iya bin ɗaya daga hanyoyi uku. Ana iya kiran mutum a yi masa tambayoyi kan ko wani abu ya sauya a rayuwarsa. Ana iya buɗe binciken laifi, inda doka ta ba jami'ai damar bin sa a ɓoye suna ɗaukar bidiyo, sannan a gayyace shi hirar da ake naɗa bayan an gargaɗe shi cewa maganarsa na iya zama shaida a kotu. Ana iya kuma sake duba cancantarsa kafin lokacin da aka ɗibar masa ya cika. Shafin gwamnati ya faɗa ƙarara cewa ana iya dakatar da tallafin mutum yayin da ake bincikensa.

Hanya ta uku ce aka fi raina haɗarinta, saboda ba a kiranta hukunci. Sake duba cancanta yana buɗe fayil ɗin gaba ɗaya. Za a aiko da dogon fom a ba mutum kimanin wata ɗaya ya cike, ya nemo takardun likita, sau da yawa ya sake zama gaban ma'aikacin lafiya na kamfanin da gwamnati ta ba kwangilar tantancewa. Ko da zargin da ya tayar da maganar ya rushe, sabon mai tantancewa na iya ba da maki daban da na farko. Kuma an san ingancin waɗannan hukunce-hukunce: a shekarun baya-bayan nan, cikin ƙararrakin PIP da kotun sauraren ƙorafi ta zauna a kansu, kusan biyu cikin uku ko fiye mai ƙara ne ke yin nasara. Wato tura mutum sake tantancewa tura shi ne cikin injin da aka san yana yawan kuskure.

Kafin ya kai kotun, dole ya fara roƙon ma'aikatar ta sake duba hukuncinta da kanta, sannan ya shiga layin jiran zama. Watanni ne ke wucewa, kuma a Ingila da Wales ba a ci gaba da biyan sa tsohon kuɗinsa a tsawon wannan lokaci. Asarar ba ta tsaya nan ba, domin PIP mabuɗi ne ga wasu abubuwa. Wanda ya rasa babban matakin zirga-zirga zai mayar da motar da ya samu ta shirin Motability cikin makonni, wataƙila motar da yake zuwa aiki da ita. Wanda ya rasa ɓangaren rayuwar yau da kullum, ɗan'uwan da ya bar aiki don jinyarsa shi ma zai rasa alawus ɗin masu jinya. In kotu ta wanke shi bayan wata takwas, za a biya shi bashin kuɗinsa. Ba za a maido masa da aikin da ya kuɓuce ba, ko bashin da ya ci da ruwa, ko lafiyar da fargaba ta cinye.

Wannan fargaba ba ƙaramin abu ba ce ga mutanen da da yawa daga cikinsu dama suna fama da ciwon tunani. A watan Fabrairun 2020 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana cewa ma'aikatar ta gudanar da binciken cikin gida a kan mutuwar masu karɓar tallafi 69 da suka kashe kansu cikin kimanin shekara shida, ya kuma ce da wuya adadin ya zama shi ne duka. Waɗannan mace-mace ba a kan tsegumi aka ƙirga su ba. Suna dai nuna irin mutanen da wasiƙar ma'aikatar ke faɗawa hannunsu, da nauyin da take da shi idan ta iso.

Gani ga wane

Illar tsarin ta wuce waɗanda aka kai ƙararsu. Kowane mai karɓar tallafi ya san layin yana nan, ya kuma san kowa na iya bugawa: maƙwabcin da suka yi cacar baki kan wurin ajiye mota, tsohon miji, suruki, abokin aikin da ke jin haushin an rage masa nauyi. Ga macen da ta gudu daga gidan mai dukanta, wannan hanya ce da zai ci gaba da azabtar da ita daga nesa, da hannun hukuma, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Sakamakon shi ne mutane suna janye jiki daga rayuwa. A 2018 ƙungiyar Activity Alliance ta fitar da wani bincike da ya nuna kashi 47 cikin ɗari na masu naƙasar da aka tambaya suna tsoron rasa tallafinsu idan aka gan su suna motsa jiki, kuma fiye da rabi sun ce da za su ƙara motsa jikin in ba don wannan tsoro ba. Likita ya ce a riƙa takawa kaɗan-kaɗan, a je iyo, a fita cikin mutane. Tsoron idon maƙwabci ya ce a zauna a ɗaki, a saki labule, kada a sa hoton biki a Facebook. Gwamnatin da ke cewa burinta masu naƙasa su samu ƙarfin komawa aiki, ita ce kuma ta kafa tsarin da ke sa mutum ya ɓoye ranar da ya samu sauƙi. An ba da tallafin don mutum ya iya fita, sai fitar ta zama abin da za a kafa hujja da shi a kansa.

Hujjar masu kare layin

Masu kare tsarin suna da maganar da ta cancanci a saurara. Akwai macuta na gaske. Kotunan Birtaniya sun hukunta mutanen da suka ce ba sa iya takawa aka ɗauke su a bidiyo suna wasannin ƙarfi, kuma wasunsu ta hanyar tsegumi aka gano su. Kashi 15 cikin ɗari na miliyan ɗaya ba ƙaramin adadi ba ne. Kowane macuci da aka bari yana zubar da mutuncin masu gaskiya, yana kuma rage yardar masu biyan haraji. Sannan ɓoye suna yana da dalili: ba kowa ne zai yarda ya tona asirin mutumin da suke kwana a bene ɗaya ba in ya san za a faɗi sunansa.

Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa rufe layin gaba ɗaya ba shi ne mafita ba. Amma ya kamata a tuna abin da ya sa duniya ta yarda da ɓoye sunan mai fallasa tun farko. A Najeriya, tsarin kwarmata bayanai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Disambar 2016, lokacin da Kemi Adeosun ke ministar kuɗi, ya yi alƙawarin kare mai fallasa har da ba shi ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Hikimar a bayyane take: ƙaramin ma'aikaci ne ke nuna babba, wanda ke da ikon korar sa ko abin da ya fi haka, don haka ɓoye suna garkuwa ce ga mai rauni. A layin tsegumin tallafi kibiyar ta juya. Wanda ake nunawa shi ne marar lafiya, sau da yawa marar lauya, wanda abincinsa ke hannun hukumar da ake kai wa ƙarar. Garkuwar da aka ƙera don mai rauni ta koma hannun wanda ba shi da abin da zai rasa.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsegumi da tsegumi. In aka ce wane ya bar ƙasar shekara biyu yana ci gaba da karɓa, ko ana karɓar kuɗi da sunan mamaci, ko gungu ne ke ƙirƙiro sunaye, kamar mutum biyar ɗin da aka ɗaure a Landan a 2024 kan zambar Universal Credit ta fiye da fam miliyan 50, to waɗannan abubuwa ne da ake iya tabbatarwa daga takardu ba tare da an tayar wa kowa hankali ba. In kuwa abin da aka kawo shi ne an ga wance tana share ƙofar gida, babu takardar da za ta tabbatar ko ta ƙaryata, sai dai a kira matar a sa ta kare jikinta. Haɗa nau'o'in biyu a kwando ɗaya shi ne tushen zaluncin.

Abin da ya kamata a gyara

Matsalar tsohuwa ce. Wajen shekara ta 112, Pliny, gwamnan lardin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarkin Roma Trajan cewa an kawo masa takarda marar sa hannu ɗauke da sunayen mutanen da ake zargin Kiristoci ne. Trajan ba mai sassauci ba ne ga Kiristoci, amma ya umarce shi da kada ya yi aiki da zargin da ba a san mai shi ba, domin mummunan misali ne da bai dace da zamaninsa ba. Kowane alƙali kuma ya san ƙa'idar cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Hukumar tallafi ba kotu ba ce, tana iya karɓar labari daga ko'ina. Abin da bai dace ba shi ne labarin da ba shi da uba ya juyar da nauyin hujja kan wanda aka zarga.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Tsegumin da ya tsaya a kan abin da aka ga jikin mutum ya yi, a fara auna shi da abin da ke cikin fayil. In mutumin ya riga ya faɗi cewa yana da ranakun sauƙi, ko yana aiki, ko yana iya gajeriyar tafiya, a rufe maganar ba tare da an aika masa wasiƙa ba. Kada a buɗe sake tantancewa sai an samu wata shaida mai zaman kanta da ta saɓa wa abin da ya faɗa. In an kira shi, a gaya masa ainihin abin da aka ce ya yi, ko da ba a faɗi wanda ya ce ba, domin ba a kare kai daga zargin da ba a sani ba. A riƙa ajiye tarihin ƙararrakin da aka bincika suka rushe, ta yadda kira na uku a kan mutum ɗaya zai sa a fara tunanin ƙiyayya. Ma'aikatar kuma ta riƙa wallafa, kowace shekara, yawan tsegumin da ya shafi tallafin naƙasa, da nawa ya kai ga sake tantancewa, da nawa kotu ta soke.

Mafi muhimmanci, kada kuɗi su tsaya kafin a gama shari'a. Wannan ba mafarki ba ne, domin ana yin sa a cikin Birtaniyar kanta. Sikotland, wadda dokarta ta 2018 ta ayyana tallafin jama'a a matsayin haƙƙin ɗan'adam, ta maye gurbin PIP da nata tallafin daga 2022. A can, in aka rage wa mutum kuɗi ko aka tsayar bayan sake dubawa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin, ana ba shi wani taimako na wucin gadi da ke cike giɓin har a yanke, ba a kuma neman ya mayar. Wannan tanadi kaɗai yana cire wa mai tsegumin ƙeta mafi kaifin makaminsa, wato watannin yunwa tsakanin zargi da wankewa.

Darasin ya shafi duk inda gwamnati ta fara rubuta sunayen masu naƙasa don biyan su. Jihar Jigawa ta fara ba su alawus na Naira 7,000 a wata a shekarar 2007 a zamanin Sule Lamido, Najeriya kuma ta samu dokar hana nuna musu wariya a watan Janairun 2019. Duk inda aka yi jerin sunaye, za a samu wanda bai shiga ba yana kallon wanda ya shiga, za a kuma samu mai raɗa wa jami'i cewa wane lafiyarsa ƙalau. Gara a rubuta ƙa'idar abin da za a yi da irin wannan raɗa tun kafin ta yi yawa. Birtaniya ta shafe kusan shekara talatin tana gwada ɗaya hanyar, alƙalumanta da kanta sun nuna cewa mafi yawan waɗanda aka nuna da yatsa ba a same su da komai ba, kuma da yawa daga waɗanda ba a taɓa nunawa ba sun koyi zama a ɗaki.